Ruwan Bagaja: Mai Ba Da Labarin Kansa Ba Ya Shan Kaye



Yau za mu duba wani littafi na Hausa mai suna Ruwan Bagaja. Wasunku sun ji sunansa. Wasu an taɓa karanta musu shi da dare a bakin fitila. Littafin ba shi da kauri, Hausarsa kuma mai daɗi ce. Wanda ya iya haɗa baƙi da wasali zai iya gama shi sannu a hankali.

Mutane da yawa sun ɗauke shi littafin ban dariya kawai. Dariya kam akwai ta. Amma ƙarƙashin dariyar akwai wata tambaya da ta shafe ka, kai mai karatu. Ga ta: in ka yarda da magana, mi ya sa ka yarda da ita? Don ka gani da idonka ne, ko don mai maganar ya yi maka daɗin baki, ko don kada a ce ba ka sani ba? Wagga tambaya ce za mu bi.

Wanda ya rubuta shi

Sunan marubucin Abubakar Imam. An haife shi a Kagara, cikin Najeriya, a shekarar 1911. Yana koyarwa a makarantar Midil ta Katsina, Katsinar nan da ke kudu da Maraɗi, sa'ad da aka buɗe gasar rubuta labaran Hausa a 1933. Wani Bature mai suna Rupert East ne ya shirya gasar. Imam yana da shekara 22 ya rubuta Ruwan Bagaja, aka buga shi a 1934. Cikin littattafan da suka fito daga gasar akwai Ganɗoki na wansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda daga baya ya zama firaministan Najeriya. Imam shi ne kuma ya rubuta Magana Jari Ce. A 1939 ya zama editan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo. Ya rasu a 1981.

Labarin bai faɗo daga sama ba. Imam ya yi karatun Larabci, ya san wani littafi da manyan malamanmu na zaure ke karantawa, Muƙamatul Hariri. Mai shi, Hariri, mutumin Basra ne a ƙasar Iraƙi, ya rasu a 1122. Cikin littafinsa akwai wani Abu Zaid, mai yawo gari gari yana cin abinci da kaifin harshensa. Daga can Imam ya ɗauko samfurin jaruminsa, ya ɗinka masa riga irin tamu. Ka ga ke nan, labari ma yana da saiwa. Haka abin da ke cikin kanka yake da saiwa.

Labarin a taƙaice

Wani mai yawon labari, Koje Sarkin Labari, ya sauka Kwantagora, gidan wani mai arziki da ake kira Alhaji Imam. Sai Alhaji ya zaunar da shi, ya shiga ba shi tarihin yadda ya samu dukiya.

Ɗan sarkin garin ne ba shi da lafiya. Limamin da ya riƙe Alhaji ya faɗa a fada cewa da za a samu ruwan Bagaja da yaron ya warke. Aka wulaƙanta liman, domin ba wanda ya taɓa ganin ruwan. Alhaji ya ji zafin abin. Ya ɗauki sanda, ya shiga duniya neman ruwan.

A hanya ya gamu da wani Malam Zurƙe ɗan Muhamman. Daga nan suka zama kamar kaza da shaho. Yau Alhaji ya yi wa Zurƙe makirci, gobe Zurƙe ya rama. Bayan shekaru masu yawa, da taimakon aljannu, Alhaji ya samo ruwan. Ɗan sarki ya warke. Alhaji ya samu girma da dukiya.

Bakin wa muke ji?

To, tsaya nan, ɗan'uwa. Duk abin da muka sani game da wagga tafiya, daga bakin wa muka ji shi? Daga bakin Alhaji. Shi ne ɗan kokawa, shi ne makaɗi, shi ne alƙalin wasa.

Ka tuna tatsuniyar Gizo. Kaka ce ke ba da ita. In Gizo ya cuci Ƙoƙi ko kura, muna dariya, amma muna kallonsa daga waje. Mun san maƙaryaci ne. A Ruwan Bagaja kuwa, kamar Gizo ne da kansa aka ba tabarma aka ce ya ba mu labari. Kafin ka farga ka koma bayansa. In ya cuci mutum, sai ka ce wayo ne. In an cuce shi, sai ka ce mugunta ce, ka matsu ka ga ya rama. Ko inda Zurƙe ya kayar da shi, Alhaji yakan faɗi kayen yadda zai zama share fagen ramuwarsa.

Gwada wanga abu. Ka ce Malam Zurƙe ne ya zaunar da Koje. Mi za ka ji? Za ka ji labarin wani malami da ya sha wuya a hannun wani ɗan yawon duniya marar kunya. Abubuwan da suka faru ba su canja ba. Bakin ne ya canja, sai zuciyarka ta bi shi.

Nan gwanintar littafin take. Yana nuna maka abin da kai ma kake yi kullum. Kowane ɗayanmu yana da nasa Alhaji Imam zaune cikin ƙirjinsa. In kun yi rigimar iyakar gona da maƙwabci, da dare wa ke ba da labari a gidanka? Kai ne. Cikin labarin nan wa ya yi haƙuri? Kai ne. Ke ma ƴar'uwa, in kun yi cacar baki a bakin rijiya, in kin komo gida ke ce mai gaskiya. Can gidan abokiyar faɗan ma, ita ce mai gaskiya. Ba lalle ne wani ya yi niyyar ƙarya ba. Son kai ne ke tace labarin kamar yadda rariya ke tace gari, ya bar tsakin laifinmu a baya. Shi ya sa magabata suka ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Zanen da aka yi a ƙasa

Akwai wuri guda cikin littafin da ya kamata ka karanta sau biyu.

Alhaji ya sauka wani gari da mutanensa ba su da karatu. Ya ce musu shi babban malami ne. Alhali kuwa ba shi da ilimin da yake da'awa, shi da kansa ya gaya mana haka. Mutanen gari suka karɓe shi, suna girmama shi. Ana nan sai ga Malam Zurƙe, wanda shi ya yi karatu na gaske. Aka taru a ga wanda ya fi wani.

Alhaji ya san in aka buɗe littafi asirinsa ya tonu. Sai ya duƙa ya yi wani ɗan zane mai lanƙwasa a ƙasa, ya ce Zurƙe ya faɗi ko mine ne. Zurƙe ya duba, ya shiga kiran sunayen baƙaƙen Larabci masu kama da zanen, irin su nun da ra. Kowane ya kira, Alhaji ya ce bai daidaita ba. Daga ƙarshe Alhaji ya juya ga jama'a ya ce ai wanga siffar jinjirin wata ce ranar da ya tsaya. Jama'a suka duba, suka ga lalle haka wata yake. Aka yi wa Zurƙe eho, aka kore shi da wulaƙanci. Mai ilimi ya fita da kunya, marar ilimi ya zauna da girma.

Kai da ka koyi boko, da kana wurin wataƙila ka ce harafin c ne ko u. Da kai ma an kore ka.

Yanzu mu tambaya: don mi mutanen garin suka yarda da Alhaji?

Na farko, amsarsa ta dace da abin da suka riga suka sani. Ba su san nun ba, amma kowa ya san wata. Mutum yana jin daɗin maganar da ta ce masa abin da ke kansa ya isa.

Na biyu, sun riga sun kira Alhaji malam. Sun durƙusa masa. In ta tabbata jahili ne, to su da suka durƙusa mine ne sunansu? Ashe ba Alhaji kaɗai suke karewa ba, girman kansu suke karewa. Wanga shi ne tarkon da ya fi kama manya. Mutum ya sayi maganin banza da tsada, sai ya dinga yabonsa, don kada a ce an cuce shi.

Na uku, taro ne. In mutum goma sun yi eho, na sha ɗaya ba ya son a gan shi shiru. Wataƙila akwai wani cikin taron da zuciyarsa ta yi shakka. Ya duba hagu, ya duba dama, ya haɗiye shakkarsa.

Shi ma Zurƙe kada mu wanke shi sarai. Karatunsa ne ya rufe masa ido. Da ya ga zane, bai tsaya ya tambaya ko harafi ake nufi ko wani abu dabam ba. Ya saba da allo, don haka komi ya gani harafi ne. Su mutanen gari sun saba da duban sama, don haka suka ga wata. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Zane guda ne, amma kowa ya karanta shi da abin da aka rene shi a kai.

Malamai sun raba jahilci gida biyu. Akwai jahilci basiɗi, wato mutum bai sani ba, kuma ya san bai sani ba. Wanga yana da magani, tambaya ce maganinsa. Akwai jahilci murakkabi, wato mutum bai sani ba, kuma bai san bai sani ba. Wanga shi ne mai wuyar magani, domin mai shi ba ya neman magani. Abin mamaki, a wurin nan Alhaji maƙaryaci ya fi mutanen garin sanin kansa. Shi ya san iyakarsa, shi ya sa ya guje wa littafi. Su kuwa sun koma gida suna ganin sun yi alƙalanci na gaskiya.

Mu zo gonakinmu

Kada ka ce wanga sai a littafi. Bari mu ɗauki magana biyu da manoman ƙasarmu suka gada, mu tona saiwar kowace.

Ta farko: hatsi ya fi kyau a gindin gawo. Ina saiwarta? A ido take. Gawo yana zubar da ganyensa da damina, don haka ba ya yi wa hatsi inuwa. Ganyen yana ruɓewa ya zama taki. Da rani kuma ya yi ganye, dabbobi su taru inuwarsa suna cin ɗiyansa, su bar kashi a wurin. Kowa na iya zuwa da kaka ya gwada zangarniyar gindin gawo da ta fili. Kakanni sun faɗa, ido ya gani, masu binciken aikin gona kuma sun tabbatar. Wagga magana, ko an tona ta, tana nan daram.

Ta biyu: manomin kirki shi ne mai gona fes, ba kututture, ba toho. Shekaru da dama haka aka ɗauka a wurare da yawa. Kowace bazara a sassabe tohon itace ƙaf, a ƙone. Ina saiwar wagga? Wani sashe daga shawarar ma'aikatan gona na wancan zamani ne, masu son fili share don garmar shanu da noman gyaɗa. Wani sashe daga dokar daji ne, wadda ta sa mutum yana ganin itacen da ke gonarsa ba nasa ba ne, tara kawai zai jawo masa. Sauran kuwa kunya ce, kada a wuce a ce gonar wane ta zama daji, rago ne.

A 1983, a jihar Maraɗi, wani ma'aikacin gona ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƴan tohon nan da ake sarewa itatuwa ne masu rai, saiwarsu tana nan ƙarƙashin ƙasa. In aka zaɓi reshe kaɗan masu ƙarfi aka bari, aka rage sauran, sai su tashi su zama itace. Shi ne abin da muke kira sassaben zamani. Manoman da suka fara yi an yi musu dariya. Bayan fari da yunwar 1984 abin ya fara yaɗuwa. A yankin Magariya da Matamaye da Mirya kuma manoma suka dinga barin ɗiyan gawo suna tashi a gonakinsu. Daga baya masu bincike suka ƙiyasta cewa an samu itace wajen miliyan 200 a kan fili wajen hekta miliyan 5 a ƙasarmu.

Duba da kyau. Magana biyu, duka gado ne, duka daga bakin manya muka ji su. Guda ta tsaya a kan abin da ido ya gani. Guda ta tsaya a kan tsoro da kunya. Ba tsufan magana ke sa ta zama gaskiya ba, kuma ba sabuntarta ba. Sai an tona an ga a kan mi take tsaye. Masu dariyar nan na farko, da mutanen da suka kori Zurƙe, tafiyarsu guda.

Inda littafin ya rage

Yabon gwani ya zama dole, amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Akwai wuri biyu da littafin bai gamsar ba.

Na farko, Alhaji ya tafi ya komo bai canja ba. Ya ga garuruwa, ya sha ɗauri da duka, ya ga aljannu. Amma ba mu ga inda ya zauna ya auna mutanen da ya cuta a hanya da ma'aunin da yake auna kansa ba. Ya san shi mai dabara ne, yana kuma alfahari da haka. Wanga rabin sanin kai ne. Cikonsa shi ne mutum ya san abin da halinsa ya jawo wa wasu. Ruwan Bagaja ya warkar da ɗan sarki, amma bai taɓa ciwon wanda ya ɗauko shi ba. Yaron da ya karanta littafin ba mai yi masa bayani zai iya fita da darasin cewa mai wayo shi ke cin riba. Don haka in ɗiyanka suna karanta shi, ka zauna kusa.

Na biyu, sau da yawa dariyar littafin a kan mutanen da aka yi wa wayo take faɗawa, kamar rashin karatu da wauta abu guda ne. Kai ka san ba haka ba ne. Kafin ka iya rubuta sunanka ka san ƙasar da ta dace da hatsi da wadda ta dace da dawa. Ka san hadarin da ke da ruwa da wanda iska ce kawai. Abin da ya kayar da mutanen garin nan ba rashin baƙi da wasali kaɗai ba ne. Rashin tambaya ne. Wanda ya yi lakwal ma yana faɗawa wanga rami, wani lokaci ma ya fi zurfi, domin shi yana ganin ya wuce a yi masa wayo.

Duk da haka littafin ya cancanci karatu. Saurayi ɗan shekara 22 ne ya rubuta shi don ya faranta ran masu karatu, kuma ya haura shekara 90 ana karanta shi. Babbar kyautar da ya yi mana ita ce ya bar mai dabara yana buɗe mana jakarsa. Ya tsayar da mu bayan labule, muna ganin yadda ake ɗinka ƙarya, da zaren da ake ɗinka ta. Zaren kuwa daga jikin wanda za a cuta ake zaro shi: son a yabe shi, da tsoron a ce bai sani ba.

Abin da za ka riƙe

In ka samu littafin, ku karanta shi ku da yawa, wani ya karanta wasu su saurara. In an gama kowane babi, ku sa mutum guda ya tsaya a madadin wanda aka cuta, ya faɗi labarin ta bakinsa. Za ku sha dariya, za ku kuma ga abin da Alhaji ya tsallake.

Sa'an nan ka ɗauki magana guda da ka daɗe da yarda da ita. Ko kan noma ce, ko kan ciwo da magani, ko kan mutanen wani gari ko wata ƙabila da ka ji ana cewa halinsu kaza ne. Ka yi mata tambayoyin nan:

Wa ya fara gaya mini wagga magana?

Shi a ina ya samo ta?

Na taɓa gwada ta da idona?

In ta tabbata ba haka ba ce, mi zan rasa: amfanin gona ne, ko kuwa girma ne kawai a idon mutane?

Tambayar ƙarshe ita ce mai zafi. In amsarta girma ne kawai, to ka san Alhajin da ke cikin ƙirjinka ne ke riƙe da maganar. In kuwa ka tona ka tarar tana tsaye kamar gawo, riƙe ta da kyau, yanzu ta zama taka, ba ta aro ba.

Faɗin "ban sani ba" a gaban mutane yana da nauyi, musamman ga magidanci mai furfura. Amma matambayi ba ya ɓata. Da mutum guda cikin taron nan ya ce a kawo littafi kowa ya karanta layi guda a ji, da labarin ya ƙare tun a nan.

Allah shi ba mu ikon ganin namu tudun kafin mu hango na wani. Sai mun sake saduwa a fitowa ta gaba.